Yawon yini ɗaya daga Akra zuwa Cape Coast da Elmina: abin da kuɗinka zai saya da abin da ba zai saya ba

Kusan duk kamfanin yawon buɗe ido da ke Akra yana da wannan hajar a kan tebur: a ɗauke ka daga masaukinka da asuba, a kai ka gadar igiya ta dajin Kakum, a ba ka abincin rana, a zaga da kai tsohon barikin Turawa na Cape Coast da na Elmina, a dawo da kai Akra da dare. Sunan kamfani ne kawai ke canzawa, tsarin ɗaya ne. Hukuncina a taƙaice shi ne wuraren sun cancanci a je, 'yan jagoran da ke cikin barikokin sun san aikinsu, amma cusa su duka cikin yini guda ciniki ne da ya fi amfanar kamfani a kan matafiyi. Wanda kwana ɗaya tak gare shi a Gana ya saya. Wanda yake da kwana uku ko huɗu kuwa, kuɗin nan zai kai shi har Axim, can yammacin gaɓar teku, idan ya tsara tafiyarsa da kansa.

A fara da lissafin hanya, don a nan shirin yake ɓaci. Tsakanin Akra da Cape Coast kusan kilomita 150 ne a kan babbar hanyar N1. A takarda tafiyar awa biyu da rabi ce. A zahiri fita daga Akra ta Mallam da Weija zuwa Kasoa ita kaɗai tana iya cin awa ɗaya ko fiye, bayan nan kuma kowane gari yana da tudun rage gudu da kasuwar bakin titi, Mankessim ta fi kowa. Motar da ta tashi ƙarfe shida ba ta cika isa Kakum kafin goma ba, tunda dajin yana da ƙarin wajen kilomita 30 arewa da Cape Coast. Sai a yi awa ɗaya da rabi a can, a ci abinci, a shiga barikin Cape Coast wajen ɗaya da rabi ko biyu, a garzaya Elmina, mai nisan kilomita 13, ana duban agogo domin ana rufe ƙofa da yamma kafin biyar ta wuce. Rana a wannan yanki tana faɗuwa kusan ƙarfe shida duk shekara, don haka dawowa tafiyar dare ce a kan hanyar da manyan motocin Takoradi da na Abijan ke bi. Idan ka haɗa, awa takwas zuwa tara kana zaune a mota, awa huɗu kana kallo. Teku kuma, wanda hotonsa ne aka tallata maka, daga saman katangar bariki za ka hange shi, ƙafarka ba za ta taɓa yashi ba.

Abin da shirin ya yi daidai shi ne motar. Yawanci ƙaramar bas ce ko jif mai na'urar sanyaya iska, direba ya san inda ake tsayawa a kama ruwa, kuma ba ka da ruwa da neman tasha ko ciniki da 'yan tasi. Ga tsoho, ko mai tafe da yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kafin ka biya ka sa a rubuta maka abu uku: ko kuɗin shiga wuraren yana ciki, ko abinci yana ciki, da kuma ko barikin biyu za a shiga ko ɗaya za a shiga a tsaya a ɗauki hoton ɗayan daga waje. Na ukun ne ake yawan samun saɓani a kai. Kuɗin shiga hawa-hawa ne, na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibi mai katin makaranta daban, wani lokaci da ƙarin kuɗin babbar kyamara. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ya sa a ransa cewa farashin baƙo zai biya, ya kuma riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu, domin katin banki ba abin dogaro ba ne a bakin ƙofa.

Kakum ita ce aka fi zuzutawa, ita ce kuma ta fi shan wahala a hannun wannan tsari. Gadar an buɗe ta a 1995, gadoji bakwai ne na igiya da raga da katako, an ɗaure su a jikin manyan itatuwa, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, wani wurin kuma kana kusan mita 40 sama da ƙasa. Faɗin katakon da za ka taka bai wuce na mutum ɗaya ba, ragar gefe tana kai maka ƙirji, kuma duk takun wanda ke bayanka sai ka ji shi a ƙafarka. Kafin a kai bakin gadar akwai hawan tudu na minti goma sha biyar zuwa ashirin a kan duwatsu masu santsi idan an yi ruwa, saboda haka silifas da doguwar riga mai jan ƙasa ba su dace ba. Wanda jiri ke ɗiba yana iya fita ta gajeriyar hanya bayan gadoji uku. Daɗin wurin da sassafe yake, lokacin da hazo bai gama tashi daga kan itatuwa ba kuma tsuntsaye na kuka. Ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, lokacin da motocin Akra ke isowa, zafi ya taso, idan kuma aka yi rashin sa'a Asabar ce ko ranar hutu, to bas-bas na 'yan makaranta sun cika wurin, ana ihu ana girgiza gada. Akwai giwayen daji da birai a Kakum, amma kada wani ya yi maka alkawarin ganinsu daga kan gada da rana tsaka.

Barikin Cape Coast shi ne ya fi kowane sashe na tafiyar nauyi, a nan ne kuma hidimar ta fi inganci, ko da yake ba ta kamfanin da ya kawo ka ba ce. 'Yan jagoran na hukumar kula da gidajen tarihi ta Gana ne, suna tara baƙi rukuni-rukuni, zagaye ɗaya yana ɗaukar minti arba'in da biyar zuwa awa guda, da Turanci ake yi. 'Yan Suwidin ne suka fara kafa wurin a 1653, ya yi ta canza hannu har Ingilishi suka riƙe shi daga 1664, kuma Cape Coast ce hedkwatar mulkinsu a ƙasar har 1877 da aka koma Akra. Ana fara zagayen da gangarawa kurkukun da ake tsare bayi maza ta wata hanya mai zurfi. Ɗakuna ne na ƙarƙashin ƙasa, iska da haske sai ta 'yan ƙananan tagogi can sama, a tsakar ƙasa akwai siririyar magudana. Ɗan jagora zai nuna maka alamar da ke jikin bango, inda dattin da ya daskare a kan bulon ƙasa ya kai kafin masu binciken tarihi su kankare wani sashe. A saman wannan kurkuku daidai aka yi ɗakin ibadar Turawan barikin. Daga nan sai ɗakin da ake kulle waɗanda suka yi bore, marar taga ko ɗaya, inda yawancin 'yan jagora kan rufe ƙofa su kashe fitila na 'yan daƙiƙu. Mai asma ko mai tsoron matsattsen wuri ya faɗa tun farko ya tsaya a waje. Sai kurkukun mata, sai ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jiragen ruwa, wadda idan aka buɗe ta yau jiragen masunta da yara masu gyaran koma za ka gani. Ta wannan ƙofa aka shigo da ƙasusuwan wasu bayi biyu daga Amurka da Jamaika a 1998, aka binne su a Assin Manso.

Mai karatu Bahaushe yana da dalilin tsayawa a kan wannan tarihi fiye da ɗan kallo. Da yawa daga cikin mutanen da suka ƙare a waɗannan kurkuku daga arewa aka gangaro da su, kuma Salaga, wadda fataken Hausa suka sani da kasuwar goro, kasuwar bayi ce ita ma. Gidan tarihin da ke saman bene a barikin yana da taswirar hanyoyin da kayan tarihi da suke buƙatar aƙalla rabin awa. Shirin yini ɗaya ba ya barin wannan rabin awar, direba na jira.

Elmina ta girmi Cape Coast nesa ba kusa ba. 'Yan Fotugal suka gina ta a 1482 don cinikin zinariya, 'yan Holand suka ƙwace a 1637 bayan sun hau tudun da ke fuskantarta sun yi ta luguden igwa, Ingilishi suka karɓa a 1872. A bene akwai ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can kuma tsibiran Seshels. Mutum zai ce ganin ɗaya ya wadatar, ni ban yarda ba: Cape Coast ta fi bayani, Elmina ta fi gari. Ka tsaya a kan gadar da ta ratsa bakin tafkin Benya da safe lokacin da jiragen masunta ke shigowa. Dogayen kwale-kwale ne da aka sassaƙa daga gungume ɗaya aka ƙara musu katako a gefe, an yi musu fenti ja da shuɗi da rawaya, da tutocin ƙasashe da na kulob-kulob na ƙwallo, da rubutun addu'a a jiki. Mata da manyan kwanonin alminiyam suna jira a bakin ruwa, a bayansu hayaƙin tandunan banda yana tashi. Daga nan ka hau tudun zuwa ƙaramin barikin St. Jago, hawan minti goma, inda za ka ga barikin da tafkin da garin a kallo ɗaya. Duk wannan kyauta ne ko kusa da haka, kuma duk ba ya cikin shirin, domin ƙarfe huɗu na yamma ake kawo ka. A kula da ranar Talata: masuntan wannan gaɓa ba sa fita teku a ranar, don haka jiragen suna ɗaure, kasuwar kifi kuma ba ta da armashi. Bikin Bakatue na Elmina Talatar farko ta Yuli ake yinsa, na Cape Coast, Fetu Afahye, Asabar ta farko ta Satumba, kuma a makonnin nan masauki yana wuya.

A bakin ƙofar barikokin biyu akwai samari da za su tare ka da fara'a su tambayi sunanka. Kafin ka fito sun rubuta shi a jikin ƙwanson dodon koɗi ko sun saƙa shi a awarwaro, sai a miƙo maka da takardar neman gudummawar kulob ɗin ƙwallo. Ba masu faɗa ba ne, amma idan ba ka da niyyar saye kada ka ba da suna. Haka kuma kada ka ɗauki hoton matan kasuwar kifi ba da izini ba, ba sa so, kuma za su gaya maka da babbar murya.

Abincin da ake haɗawa a shirin yawanci a wani otal na bakin hanya ne, shinkafa da kaza ko kifi, ba laifi ba yabo. Musulmi ya tsaya a kan kifi, shi ne ya fi sauƙin sha'ani kuma shi ne abin da yankin ya fi iyawa, domin ƙananan gidajen abinci da yawa suna dafa alade da naman daji a kicin ɗaya. Abin da ya kamata a sa direba ya tsaya a saya shi ne dokunun Fante (wani tuwon masara mai tsami) na Yamoransa, mahaɗar da hanyar Kumasi ta haɗu da ta Akra. An naɗe shi da busasshen ganyen ayaba, an jera shi tuli-tuli a bakin titi, ya fi na Akra tsami da tauri, yana kuma yin kwanaki bai lalace ba. Da soyayyen kifi da yajin shito ake ci. Wanda ya kwana a Cape Coast kuma ya nufi wajen kasuwar Kotokuraba da safe, inda mutanen zango suke: koko da ƙosai, wake da shinkafa, tsire da yamma, masallaci a kusa, Hausa kuma tana biyan buƙata. Kamfanonin ba sa sa lokacin salla a jadawali, sai ka faɗa da bakinka tun a Akra. Alƙibla ba ta da wuyar ganewa daga Takoradi zuwa Akra: ka fuskanci wajen Akra ka bi layin gaɓa, teku na hannun damanka, ka yi kusa ƙwarai da daidai.

To idan ba a sayi shirin ba fa? Bas ɗin kamfanin sufurin gwamnati, STC, yana zuwa Cape Coast da Takoradi a kan jadawali, ya fi natsuwa, amma sai an yanki tikiti da wuri. A tashar Kaneshie akwai ƙananan bas masu sanyi da suke tashi da zarar sun cika, sun fi sauri, wasu direbobin ma sun fi ƙarfin sauri. Tiroto, ƙaramar bas ta haya ta yau da kullum, ya fi araha, ya fi matsi, yana tsayawa ko'ina. Mota mai wucewa Takoradi a mahaɗar Pedu za ta sauke ka, daga nan tasi ko keke mai ƙafa uku, wanda a can ake kira pragya, zai shigar da kai gari. Ka bambance tasin haɗaka da na shata tun kafin ka zauna, in ba haka ba za a ɗauke ka kai kaɗai a caje ka kuɗin mota duka. Wanda ya taso daga Kumasi ba ya buƙatar biyowa ta Akra ko kaɗan, hanyar Assin Fosu za ta kawo shi kai tsaye, ya kuma tsaya a Assin Manso ya ga rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku. Kwana biyu a Cape Coast ko Elmina sun isa: bariki ɗaya da yammar ranar farko, Kakum da buɗe ƙofa washegari a shatar tasi mai jiranka, bariki na biyu bayan azahar, gadar Benya da safiyar rana ta uku.

Gaɓar da ta cancanci a kira ta kyakkyawa kuwa sai an wuce Takoradi, kimanin kilomita 80 yamma da Cape Coast. Bakin ruwan da ke gindin barikokin wurin aiki ne, da leda da ƙazanta, ba wurin shimfiɗa tabarma ba. Takoradi kanta a wuce ta, masaukinta ya yi tsada tun da aka fara haƙo mai a teku a 2010. A Agona Nkwanta ake sauka a ɗauki tasi zuwa Busua, doguwar gaɓa mai farin yashi da itatuwan kwakwa da wani ɗan tsibiri a gabanta. Daga Busua tafiyar ƙafa ce ta kusan rabin awa zuwa Dixcove, inda farin barikin Metal Cross yake zaune a kan tudu yana kallon mashigin da ya cika da jirage. Ta gabas kuma akwai Butre, ƙauyen da kogi ya haɗu da teku, da kangon barikin Batenstein na 'yan Holand a samansa. A ganina babu inda ya kai kan wannan tudu kyan kallo a duk gaɓar. Waɗannan hanyoyin ƙafa a bi su da rana, da ɗan gari, ba da waya a hannu ba. Gaba akwai Princes Town mai barikin da Jamusawan Brandenburg suka gina a 1683, da Cape Three Points, ƙarshen kudancin Gana, mai hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya. Hanyoyinsu ba su da kyau, da damina ƙaramar mota tana iya maƙalewa. Axim tana da barikin San Antonio na 1515, daga can kuma Beyin, inda ake shiga kwale-kwale a ratsa fadama kusan awa guda zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafki da katako da tukurwa. Tafiyar cikin ruwan ta fi ƙauyen daɗi, domin mazaunansa sun gaji da kyamara. A nemi rigar hana nitsewa kafin a shiga jirgi.

Maganar iyo tana buƙatar a faɗe ta ƙarara, musamman ga wanda ya saba da kogi ko dam. Tekun nan yana da wani ja da ke komawa ciki daga bakin gaɓa, kuma inda ruwan ya yi kamar ya lafa tsakanin kumfa biyu, sau da yawa nan ne mashigar jan. Yawancin wuraren ba su da masu ceto. Busua ana ɗaukarta cikin mafi sauƙi, duk da haka a tambayi masu masauki inda ake shiga, a tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi ya nufi tudu kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya yi iyo a gicciye, yana bin layin gaɓa, har ya fita daga jan, sannan ya juyo.

Lokacin zuwa daga Nuwamba zuwa Maris ya fi, sai dai hazon hunturu na Disamba da Janairu yana dusashe hoto, Disamba kuma masauki na tsada saboda baƙi daga ƙetare. Mayu da Yuni ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, yankin Axim ma yana cikin mafi samun ruwan sama a ƙasar. Wasu watanni teku kan turo wata ciyawa mai ruwan ƙasa ta lulluɓe yashin yammacin gaɓar tana wari, don haka a kira masauki a tambaya kafin a biya kuɗin ɗaki. A taho da katin rigakafin shawara don ana nemansa a kan iyaka da filin jirgi, da maganin sauro, a kuma ciri isasshen kuɗi a Takoradi, domin ƙauyukan gaba sun fi sanin tsaba da kuɗin waya na MTN a kan katin banki.

Idan dole sai shirin yini ɗaya, a nemi a cire Kakum a ciki. A tashi ƙarfe biyar na asuba a nufi Elmina kai tsaye don a riski jiragen masunta, a yi Cape Coast bayan azahar har da gidan tarihin bene, a kamo hanyar Akra kafin ƙarfe uku. Kamfanoni da yawa suna yarda da hakan idan motar shata ce ba ta haɗaka ba, kuma tunda an rage kusan kilomita 60 da kuɗin shiga daji, akwai bakin neman ragi.